MBA, gajeren kwas ko zaman shago: wanne ya dace da mai son kafa kasuwancin kansa?

A ce kana da naira miliyan uku a ajiye, ka kuma ƙudurta cewa nan da shekara biyu daga kasuwancin kanka za ka riƙa ci. Kuɗin nan hanya uku za su iya bi. Ko ka biya karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci, a makarantar koyon kasuwanci, ko ka shiga ɗaya daga cikin gajerun kwasa-kwasan da irin waɗannan makarantu da gidauniyoyi suke shiryawa ka riƙe ragowar a matsayin jari, ko ka tafi Kwari ko Singa ko Dawanau ka zauna ƙarƙashin wanda ya daɗe a harkar. Kowace hanya da abin da ake samu a cikinta. Yawancin masu da-na-sani sun je neman wani abu ne a rumfar da ba a sayar da shi.

Abin da MBA take koyarwa

Makarantun ba su da wuyar samu. A Legas akwai Lagos Business School da aka kafa a 1991, wadda yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Pan-Atlantic, kuma kuɗinta miliyoyi ne. A Kano akwai Dangote Business School a Jami'ar Bayero, wadda Gidauniyar Aliko Dangote ta gina wa mazauni na naira biliyan 1.2 aka buɗe a 2018. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tata, har da MBA ta intanet ga wanda ba zai iya zaman aji ba. Na jami'o'in gwamnati sun fi araha nesa ba kusa ba. Sharuɗɗan shiga kusan iri ɗaya ne: digiri mai daraja ta biyu, ko HND haɗe da PGD (difloma ta gaba da digiri), da takardar bautar ƙasa, da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Karatun yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a wurare da yawa kuma a ƙarshen mako ake yi don ma'aikata.

Akwai abin da ya kamata a sani tun farko. Wannan digiri an ƙirƙiro shi ne a Amurka don horar da manajojin manyan kamfanoni. Makarantar kasuwanci ta Harvard, da aka buɗe a 1908, ita ta yi fice da salon nan na ba ɗalibai labarin wani kamfani da ya shiga matsala, su yi muhawara a kan abin da za su yi da su ne a kujerar shugaban. Kamfanin da ke cikin labarin yana da akanta, yana da lauya, yana da alƙaluman shekara goma. Kai da za ka fara, kai ne akantan, kai ne ɗan aike, wani lokaci kai ne direban.

Duk da haka darasin lissafi da na sarrafa kuɗi su kaɗai suna iya ceton jari, kuma nan ne MBA ta fi kowace hanya ƙarfi. Ɗauki mai yin yogot. A ce yana sayar da kwalba a kan naira 500, madara da sukari da kwalba da takardar da ake mannawa suna cin 320. Saura 180 a kowace kwalba. Da yawa a nan suke tsayawa su ce ribarsu 180 ce. Amma akwai kuɗaɗen da ba sa jiran ciniki: hayar wuri 60,000 a wata, albashin mutum biyu 120,000, man janareta da kuɗin wuta 150,000, sufuri 30,000. Jimla 360,000. Raba wannan da 180, ka samu kwalba 2,000. Wato sai ya sayar da 2,000 a wata, kusan 77 a kowace ranar aiki idan kwana 26 yake yi, kafin ya kai matsayin ba riba ba faɗuwa. To, madara ta tashi, kayan haɗi suka koma 380, shi kuma yana tsoron ƙara farashi. Saura 120. Yanzu kwalba 3,000 yake buƙata. Ƙarin naira 60 kacal ya ɗora masa ƙarin rabin cinikinsa gaba ɗaya, ba a ma sa wanda ya yi tsami a firijin mai shago aka dawo masa da shi ba. Wanda ya iya wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗin haya zai san ko unguwar za ta iya shanye kwalba 115 a rana.

Darasi na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, shi ne kwana nawa kuɗinka suke yi a waje kafin su dawo. Mai matsar man gyaɗa yana sayen gyaɗa kuɗi hannu. Tsakanin sarrafawa da zaman sito, kwana 10. Ya kai wa masu shaguna, su ce sai bayan kwana 30. Kuɗinsa kwana 40 ke nan ba sa hannunsa. Idan 50,000 yake kashewa kullum, naira miliyan 2 ce a ɗaure koyaushe. Kaya suka karɓu, oda ta ninka, sai ya buƙaci miliyan 4, alhali ribar da ya samu ba ta kai ko kusa ba. Haka ake ganin mutum ciniki na ƙaruwa amma ya kasa biyan albashi, mutane su ce sammu ne. Maganin da ake koyarwa a aji ba ɓoyayye ba ne: rage kwanakin bashin, ba da ɗan rangwame ga mai biya nan take, nemi mai gyaɗa ya ɗaga maka ƙafa na mako biyu, ko ka ƙi karɓar odar da jarinka ba zai ɗauka ba. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya a zuciya.

Abu na uku da ake saye da kuɗin MBA shi ne mutanen ajin. A ajin ƙarshen mako za ka zauna da manajan reshen banki, da jami'in sayen kaya na wani kamfani, da ma'aikacin haraji, da ɗan gidan da suka gaji masana'anta a Sharaɗa ko Bompai. Shekara biyu kuna aikin rukuni tare, sun ga yadda kake cika alkawari. Idan kasuwancinka na sayar wa kamfanoni da hukumomi ne, wannan sanayya tana iya fin darussan daraja. Idan kuwa fura da nono za ka sayar a bakin titi, ba ta da wani amfani sosai. Wanda ya zaɓi MBA ta intanet don arha, ya sani cewa wannan ɓangaren ne ya yafe.

Inda take cutar da mai son kafa nasa ma a fili yake. Kuɗin makarantar jarin ne kake ci. Shekara biyun kuma da ka yi su a kasuwa da ka riga ka faɗi sau biyu ka tashi. Galibin 'yan ajin takardar ƙarin girma a ofis suke nema, don haka aikin rukuni yakan koma neman maki. Daftarin kasuwancin da ake rubutawa don jarrabawa shafi 40 ne na hasashe: ciniki zai ƙaru da kashi kaza duk shekara, ba a taɓa tambayar mai saye ko ɗaya ba. Binciken kammalawa kuwa sau da yawa raba takardun tambayoyi ne da bitar rubuce-rubucen magabata, abin da ba zai sayar maka da kwali ɗaya ba.

Makarantun da suka ɗauki harkar da gaske sun gane wannan, suka sauya salo. A kwalejin Babson ta Amurka, ɗaliban shekarar farko ana ba rukuninsu rancen da ya kai dala 3,000 su kafa kasuwanci na gaske, su gudanar da shi, su rufe shi a ƙarshen shekara su ba da lissafi. A Jami'ar Stanford, Steve Blank ya fara wani kwas a 2011 inda ake tura ɗalibai waje kowane mako su yi magana da masu saye, su dawo su faɗi wane zatonsu ne ya rushe. Saras Sarasvathy ta Jami'ar Virginia, da ta yi nazarin yadda gogaggun masu kafa kamfanoni suke tunani, ta nuna cewa da abin da ke hannunsu suke farawa, kuma abin da za su iya jure asararsa suke sawa, ba su cika dogara da hasashen riba ba. Duk tsohon ɗan kasuwar Kurmi zai ce ai wannan tun kakanni aka sani, kuma yana da gaskiya.

Saboda haka kafin ka sayi fom, je makarantar da kanka, zuwa da kai ya fi aike. Tambayi wa yake koyar da darasin kafa kasuwanci, kuma ko ya taɓa biyan ma'aikata albashi daga aljihunsa. Tambayi ko ana tilasta wa ɗalibi ya sayar da wani abu ga mutum na gaske kafin ya ci darasin. Nemi a haɗa ka da tsofaffin ɗalibai uku da suka kafa nasu bayan gamawa, ka kira su. Idan akwai gasar daftarin kasuwanci, ka ji ko kuɗi ake bayarwa ko allon yabo. Idan an ce akwai cibiyar renon sabbin kamfanoni, shiga ka duba ko da mutane a ciki ranar Talata da hantsi.

Gajeren kwas

Wannan rukuni faɗi gare shi, kuma ingancinsa ya bambanta ƙwarai. A sama akwai irin Enterprise Development Centre ta Jami'ar Pan-Atlantic, da aka kafa a 2003 musamman don masu ƙanana da matsakaitan kasuwanci. Kwas ɗinta na takardar shaida na 'yan watanni ne, ana shiga da kasuwancin da mutum yake yi, a kan shi ake aikin aji, kuma akwai masu ba da shawara da ake zama da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai shirin Gidauniyar Tony Elumelu da ya fara a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 don 'yan kasuwa 10,000 daga ƙasashen Afirka 54. Ana buɗe neman shiga ranar 1 ga Janairu a shafin TEFConnect, a yi horo ta intanet, wanda ya tsallake a ba shi dala 5,000 da ba za a biya ba. Hukumar SMEDAN mai kula da ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da dokarta ta fito a 2003, ita ma tana shirya horo lokaci-lokaci. Darasin sana'a da aka wajabta wa kowane ɗalibin jami'a a Najeriya tun wajen 2006 kada a sa shi a wannan lissafi. Ɗaruruwan ɗalibai a ɗaki ɗaya, a nuna musu haɗa sabulun ruwa sau ɗaya a ba su maki, wannan buɗe ido ne kawai.

A nan an yi sa'a, akwai gwaje-gwaje na gaske da suka auna abin da horo yake haifarwa. A Lome ta ƙasar Togo an raba masu ƙananan sana'o'i 1,500 gida uku ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka ba su horon gargajiya na lissafi da talla da kula da ma'aikata. Kashi na biyu aka horar da su a kan himmar kai: neman sabon abu ba tare da an ce ka yi ba, hango matsala kafin ta zo, da komawa bayan an ƙi ka. Na uku ba a ba su komai ba. Cikin shekara biyu ribar masu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100, ta masu horon gargajiya da kashi 11, wanda masu binciken suka ce bai kai a tabbatar da shi ba. Sakamakon ya fito a 2017. A Jamhuriyar Dominika kuma an gwada cikakken darasin akanta da wasu 'yan ƙa'idoji masu sauƙi, irin su ka ware aljihun tebur ɗaya na kuɗin sana'a, ɗaya na gida, ka yanka wa kanka albashi, in ka ranta daga na sana'a ka rubuta ka mayar. Ƙa'idojin masu sauƙi su suka fi gyara halin mutane, musamman waɗanda ba su yi zurfi a boko ba.

Na gida kuma shi ne YouWiN, gasar daftarin kasuwanci da gwamnatin Goodluck Jonathan ta fara a 2011. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, kowanne ya samu kimanin dala 50,000 a matsakaici. Da yake an fitar da wani kaso na masu nasarar ta ƙuri'a daga cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, David McKenzie na Bankin Duniya ya iya kwatanta su da takwarorinsu da ba su samu ba. Bayan shekara uku, yiwuwar a tarar da kamfani mai ma'aikata 10 ko fiye ta fi ta takwarorin da sama da maki 20 cikin 100. Waɗanda aka kwatanta ɗin duk sun samu ɗan gajeren horo iri ɗaya. Kuɗin ne suka raba su. Mai tunanin zuba jarinsa kaf a kuɗin makaranta ya tsaya a kan wannan ya yi nazari.

Gajeren kwas mai kyau ya fi MBA saurin kai ka ga takardun da za ka buƙata gobe. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ita ce mai araha da sauri, amma a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne, bashinsa bashinka ne har gidanka. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi yake raba ku, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya zai iya yi masa rajista, da mafi ƙarancin hannun jari na naira 100,000. Sai dai kada kariyar ta ruɗe ka, banki yakan sa mai ƙaramin kamfani ya tsaya wa rancen da kansa. Bayan rajista sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan kasuwancin, wanda duk cinikin zai riƙa bi ta cikinsa, domin bayanan asusun nan na wata shida zuwa shekara su ne abin da mai ba da rance zai fara nema. Mai abinci, abin sha, sabulu ko man shafawa yana buƙatar lambar NAFDAC kafin manyan shaguna su karɓi kayansa, kuma za a zo duba wurin da yake haɗawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kama haya a gyara wuri, sannan a ji sharuɗɗan hukumar, a dawo ana fasa bango.

Ga mai gudun kuɗin ruwa akwai ƙarin abin dubawa. Darasin sarrafa kuɗi na MBA a kan ruwa aka gina shi. Tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, akwai wata hanya, amma tana da nata tsarin. A murabaha banki ne zai sayi injin ko hajar, ya sayar maka da ribar da aka bayyana, ka biya kashi-kashi, don haka sai ka kawo takardar farashi daga mai kayan, ba za a miƙa maka tsaba ba. Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman a kan harkar banki da kuɗi ta Musulunci, kuma tambaya ce mai kyau ko kwas ɗin da za ka shiga yana taɓa wannan fanni. Ko wanda bai damu da hukuncin ba lissafi zai tsayar da shi: a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5, rancen bankunan kasuwanci kuwa sama da haka yake. Sana'o'i kaɗan ne ribarsu za ta biya wannan ta bar wa mai ita wani abu.

Illar wannan hanya ita ce tana haifar da mafarautan tallafi. Akwai matasan da sana'arsu ta koma cike fom, suna da takardun shaida takwas ba su da mai saye ko ɗaya. Akwai masu biyan wani ya rubuta musu daftari, ranar kare shi a tambaye su nawa suke kashewa a kan kowace kwalba su yi shiru. Neman shiga shirin Elumelu kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya shi ya sa sunanka damfara ce. Masu nema kuma dubban ɗaruruwa ne, waɗanda ake ɗauka kaɗan, don haka ba abin da za a jingina shirin shekara a kansa ba ne.

Zaman shago

Kasuwa tana koyar da abin da babu ajin da yake da shi. Yaron shago a Kwari yana gane shadda da tafin hannu, ya san kayan da za su tafi kafin azumi da waɗanda za su yi kwantai bayan babbar salla. A Dawanau ana koyon lokacin da ake saye da kaka, da yadda ake sa hannu cikin buhun riɗi a gane ƙasa da danshi, da wane dillali ne maganarsa ɗaya, da nawa ne la'ada da dako da lodi. Sama da duka akwai amana. Wanda ya yi shekaru ana ganinsa a layi, ranar da ya buɗe nasa za a ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Wannan jari ne da ba ya cikin miliyan ukun nan, kuma takardar MBA ba ta buɗe shi.

Akwai ma darasin da kasuwa ta riga aji ganewa. Bayan an saki naira kasuwa ta yanke darajarta a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Wanda ya saro kwali a kan 10,000 ya sayar 12,000 yana murnar ribar 2,000, ya koma sari ya tarar da shi 13,000. A takarda ya ci riba, a sito kayansa sun ragu. 'Yan Singa kafin su faɗi farashi da safe sai sun buga waya sun ji nawa za su mayar da kayan yau, da shi suke sayarwa. Sabon shiga da ya riƙe farashin rasit ɗinsa, jarinsa yana narkewa yana ganin kamar ciniki yake yi.

Raunin hanyar shi ne rashin rubutu da rashin wa'adi. A tsarin koyon kasuwanci na Ibo ana yanka shekarun da yaro zai yi tun farko, a gaban iyaye, bayansu a sallame shi da jari. A wurinmu sau da yawa abin a hannun ubangida yake. Wani zai yaye ka cikin shekara huɗu ya ba ka shago da kaya, wani za ka yi goma sha biyu kana jiran ranar da ba ta zuwa. Kuɗin cefane da na biki da na haja daga aljihu ɗaya suke fita. Lissafin yana kan Alhaji, ranar da ya faɗi aka raba gado sai a tarar ba wanda ya san wa ake bi wa ke bi, shagon shekara talatin ya watse cikin wata shida. Ilimin kuma na layi ɗaya ne, gwanin atamfa ba lallai ya iya tafiyar da masana'anta mai ma'aikata 20 ba. Mai digiri da zai bi wannan hanya ya shirya sharar shago da sayo wa ubangida abinci, kuma ya nemi a yi magana a fili tun ranar farko, a gaban wani babba: wata nawa zai yi, me zai koya, a kan me za a rabu.

Mata da yawa zaman layin kasuwa ba ya yiwuwa gare su, sana'ar daga gida ake yin ta a WhatsApp da Instagram. Madadin zaman shago a nan shi ne uwar ɗaki a sana'ar. A unguwar Dandora ta Nairobi an gwada wannan da mata masu sababbin ƙananan sana'o'i: wasu aka kai su aji, wasu aka haɗa kowacce da wata gogaggiya a sana'arta. Ribar masu uwar ɗaki ta ƙaru da kimanin kashi 20, mafi yawa saboda an nuna musu inda ake saro kaya da araha, ta masu aji kuwa ba ta motsa ba. Amma da aka daina haɗuwa ƙarin ya dushe, domin labarin kasuwa kullum sabo yake.

To wa ya kamata ya bi wace?

Wanda bai taɓa sayar da komai ba, MBA ba tasa ba ce yanzu. Abin da ya rasa mai saye ne, kuma ba a aji ake samunsa ba. Ya ware abin da zai iya jure asararsa, a ce kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin, ya ba kansa kwana 90. Makonni biyun farko ya yi magana da mutum 30 da yake zaton za su saya, ya tambaye su wurin wa suke saye yanzu, nawa, me yake ba su haushi, kada ya tambaye su ko ra'ayinsa ya yi kyau don kunya za ta sa su ce e. Sannan ya yi kaɗan ya sayar, ba haya, ba allon suna, ba injin da zai iya ɗauka haya. Kullum ya rubuta abin da ya shiga, abin da ya fita, da wanda ake bi. A ƙarshen kwanakin ya duba mutum nawa suka dawo saye karo na biyu ba tare da ya roƙe su ba. Idan harkar saye da sayarwa ce, wata shida zuwa shekara a shagon wani ya fi masa duk wani kwas.

Wanda ya yi shekara ɗaya zuwa uku yana ciniki, yana da ma'aikata biyu ko biyar, amma bai san takamaimai nawa yake samu a wata ba, shi gajeren kwas ya fi yi wa amfani, domin kowane darasi yana da wurin da zai sauka washegari. Ya zaɓi wanda ake aiki da littafin cinikinsa, wanda kuma akwai mai bibiya bayan an gama.

MBA tana biyan kuɗinta ne ga wanda kasuwancinsa ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya: ma'aikata 15 ko fiye, reshe na biyu, neman masu zuba jari, ko kwangila da manyan kamfanoni da za su nemi lissafin da aka tantance. Haka ɗa ko 'yar da za su karɓi kasuwancin gida su mayar da shi kamfanin da zai rayu bayan mai shi. Ga irin waɗannan, ta ƙarshen mako ta fi ta cikakken lokaci, don kada a bar shago. Mai harkar manhaja da fasahar zamani kuwa cibiyoyi irin CcHub a Yaba ta Legas ko CoLab a Kaduna sun fi kusa da buƙatarsa. Babu kuma gaggawa: wani babban bincike a Amurka ya gano cewa matsakaicin shekarun waɗanda suka kafa kamfanonin da suka fi saurin bunƙasa 45 ne.

Wanda ya yanke shawarar shiga MBA ya tafi da littattafan cinikinsa na wata 12. Duk aikin da aka bayar, na farashi ne ko na ma'aikata ko na talla, ya nemi izinin malami ya yi shi a kan kasuwancinsa. Binciken kammalawa ma ya daidaita da mai duba shi tun zangon farko cewa a kan matsala ɗaya ta kamfaninsa zai yi, domin idan aka kai zango na uku an riga an raba batutuwa, sauyawa takan yi wuya.